Waya ta Uku: Yadda Kwamfuta Ta Fara Kai Ƙarar Fankarta

Akwai zamanin da kwamfuta ba ta san tana da fanka ba. Fankar za ta kafe ta tsaya cik, injin ya ci gaba da aiki har zafi ya dagula masa lissafi ko ya ƙona shi, kuma babu rubutu a allo, babu ƙara, babu wata alama. Yaran da muke koya wa gyara yanzu sun taso ne sun tarar da baƙin allon nan mai cewa "CPU Fan Error! Press F1 to Run SETUP", don haka a wurinsu fitina ce kawai da ke hana Windows tashi, a kawar da ita a miƙa wa mai kaya kayansa. Mu da muka fara riƙe sukudireba a kan tsofaffin 486 da Pentium, kallon da muke yi wa rubutun daban ne. Sai da firosesa ta shafe kusan shekara ashirin tana ƙara zafi, injuna masu yawa suka salwanta, kafin ya zama abin da kowace kwamfuta ke iya faɗa. Mai gyaran da bai san wannan tarihin ba, da wuya ya bambance abin da rubutun ke nufi da abin da ba ya nufi, kuma daga nan gyara ke lalacewa.

Kwamfutar IBM da ta fito a 1981 tana ɗauke da firosesar Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77. Haka nan take zaune a kan bod, ba ƙarfe a kanta balle fanka. Fanka ɗaya ce a duk akwatin, tana cikin fawa-fak. A haka aka wuce 286 da 386. Kamfanin Apple ma ya fitar da Macintosh a 1984 ba fanka ko ɗaya, saboda Steve Jobs ba ya son ƙararta, sai a 1987 aka sa wa Macintosh SE. Da 486 ta zo a 1989, musamman DX2 mai megahaz 66 da ta biyo baya a 1992, aka fara ɗora wa firosesa ƙarfen alminiyam mai haƙora don ya zuƙe zafi, wanda muke kira hitsink, wasu kuma suka ɗaura masa 'yar fanka a sama. Pentium ce ta rufe ƙofar zaɓi. A Maris na 1993 ta fito, mai gudun 60 da mai 66, tana cin wutar bolt 5, zafin da take fitarwa ya kai wajen wat 15. A ma'aunin yau wannan ba komai ba ne, amma daga kanta rayuwar firosesa ta rataya a kan wata 'yar farfelar roba da kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin firosesar ba.

Fankokin lokacin ƙanana ne, faɗinsu santimita 4 ko 5, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ba a bod ake jona su ba, a jikin wayar da ke kai wa had-dis wuta ake maƙala su, ke nan bod ba shi da hanyar sanin ko suna raye. Yawancinsu kuma masu bushin ne, ba masu boris ba: sandar da ke juyawa tana zaune cikin bushin da aka jiƙa da mai, in man ya bushe sai fanka ta fara gurnani, ta yi ta rage gudu, wata rana ta yi shiru. Abin da ke biyo baya shi ne ya wahalar da masu gyara na wancan zamani. Injin ya yi aiki lafiya lau da safe, rana na take tsaka ya daskare. A ce bairos ne, a ce Windows 95 ce, a goge komai a sake zubawa, kwana biyu a dawo da shi. Takardun mutane da yawa sun tafi a irin wannan gogewar alhali ciwon yana ƙarƙashin murfi, fanka ce ta mutu ba wanda ya leƙa.

Maganin kuwa yana cikin fankar tun farko. Injinta ba mai kabon-burushi ba ne irin na janareta. Maganaɗisu ne a zagaye da cikin farfelar, sai wata 'yar na'ura mai jin maganaɗisu da ake kira na'urar Hall, sunan Edwin Hall, masanin Amurka da ya gano abin a 1879. Ita ke gaya wa fankar lokacin da za ta sauya wa wuta hanya don juyin ya ɗore, wato fanka ta riga ta san tana juyawa, faɗa wa wani ne kawai ba ta yi. Sai aka fito da wannan saƙon waje ta waya ta uku, mai ruwan ɗorawa. Duk juyi ɗaya tana aika bugu biyu, in aka ƙirga bugu 4,000 a minti an san fanka na juyi 2,000. Saura mai ƙirgawa. Wajen 1997 kamfanin National Semiconductor ya fito da wata 'yar aisi mai suna LM78, wadda ke ƙirga bugun fanka, ta auna zafi, ta kuma duba ƙarfin wutar da fawa-fak ke bayarwa. Kamfanonin Taiwan irin su Winbond da ITE suka ɗauki aikin suka haɗa shi cikin aisin da ke kula da kibod da tashoshin firinta, kuma har gobe in ka duba bod da kyau za ka ga ITE ko Nuvoton, wanda ya ɓalle daga Winbond a 2008. Masu rubuta BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, wato Award da AMI da Phoenix, suka buɗe sabon shafi inda mutum zai ga zafin firosesa da gudun fanka da idonsa. A ganina wannan shafin ya fi yawancin abubuwan da aka yi ta tallatawa a shekarun amfani, domin shi ne karo na farko da mai gyara ya daina aiki da taɓa ƙarfe da bayan yatsa.

Maɓallin F1 kuma ya girmi wannan duka. Tun kwamfutar IBM AT ta 1984, idan injin ya duba kansa a lokacin tashi ya ga matsalar da ba ta kai ta hana shi aiki ba, sai ya tsaya ya ce a danna F1 a ci gaba. Da aka samu mai ƙirga bugun fanka, sai aka ɗora sabon ƙorafin a kan tsohon tsarin. To a nan ya kamata a tsaya a fahimci abu ɗaya, don duk sauran bayanin a kansa yake: BIOS ba ya ganin fanka, ba ya jin iska, bai san ko hitsink ya toshe ba. Abin da yake yi kawai, cikin 'yan daƙiƙoƙin farko bayan an kunna, ya saurari ƙafa ɗaya a soket ɗin da aka rubuta wa CPU_FAN, ya ƙirga bugu, ya gwada da wani adadi da aka ajiye masa. In bugun bai kai ba, ya fito da rubutu. Fanka na iya zama lafiya rubutun ya fito, kuma firosesa na iya dahuwa rubutun bai fito ba.

Shekarar 2001 ce ta sa duniya ta ɗauki maganar da muhimmanci. A lokacin AMD na cin kasuwa da Athlon, mai sauri ga arha. Samfurin da ake kira Thunderbird, mai gigahaz 1.4, yana fitar da zafin da ya haura wat 70 daga wani ɗan gilashi da bai wuce farcen babban yatsa ba, kuma a buɗe yake, ba murfin ƙarfe. Ba shi da dabarar kashe kansa in zafi ya yi yawa. Intel kuwa tun Pentium Pro ta 1995 yake sa wa firosesarsa abin da zai tsayar da ita in ta kai wani zafi, sannan a Pentium 4 da ta fito a Nuwamba 2000 ya ƙara dabarar rage gudu da kanta. A Satumba 2001, mujallar intanet ta Tom's Hardware, wadda wani likita Bajamushe, Thomas Pabst, ya kafa a 1996, ta fitar da wani ɗan bidiyo. Ana cikin wasan Quake III sai a cire hitsink gaba ɗaya. Pentium 4 ta rage gudu, wasan ya koma tafiyar hawainiya, da aka mayar da ƙarfen ta ci gaba. Pentium III ta daskare amma ba ta mutu ba. Athlon kuwa cikin daƙiƙoƙi ta yi hayaƙi, ma'auni ya nuna zafin da ya haura digiri 300. Har sabuwar Athlon mai ma'aunin zafi a cikinta ta ƙone, domin bod ɗin bai iya yanke wuta da saurin da ake buƙata ba. Gani ya kori ji. Adalcin magana dai, cire hitsink ba daidai yake da mutuwar fanka ba. In fanka ta tsaya ƙarfen yana nan yana shan zafi, ana samun mintuna kafin a kai ga halaka. Amma cikin waɗannan mintunan wa zai sani, in ba wanda ya faɗa? Daga nan masu ƙera bod suka shiga sa tsarin yanke wuta, ƙorafin fanka ya zama abin da ake kunnawa tun daga masana'anta, Athlon 64 kuma ta zo a 2003 da murfin ƙarfe da dabarar kashe kanta.

Zafin bai tsaya nan ba, sai ma ya koma gidan Intel. Pentium 4 samfurin Prescott da ta fito a Fabrairu 2004, manyanta sun kai wat 115. Duk wanda ya zauna a kafe na intanet a shekarun ya san ƙarar da nake nufi, ɗaki guda ya cika da kuwwar fankoki. A shekarar ce Intel ya soke firosesar da ya shirya za ta gaje ta, mai suna Tejas, ya kuma janye maganar kai Pentium 4 gigahaz 4. Zafi ne ya juya akalar masana'antar gaba ɗaya zuwa firosesa mai ƙwaƙwalwa biyu, har Core 2 Duo ta zo a Yuli 2006 da wat 65. A tsakiyar wannan rikici aka haifi waya ta huɗu, tare da soket ɗin LGA775. Kafin ita, in ana so a rage wa fanka gudu sai a rage mata wuta, daga bolt 12 zuwa 7 ko 5, kuma a ƙaramar wuta fanka kan kasa tashi, bugun da take aikawa ma ya rikice. Sabon tsarin ya bar mata bolt 12 ɗinta cif, sai shuɗiyar waya ta riƙa kai mata umarni sau 25,000 a daƙiƙa, tana faɗa mata yawan ƙarfin da za ta yi amfani da shi. Akwai wani tarko a nan da nake jaddada wa duk yaron da ya zo koyo. A fanka mai waya uku, ja ce wuta, ɗorawa ce mai bugu. A fankar Intel mai waya huɗu, ɗorawa ce wuta, koriya ce mai bugu. Wanda ya yanke waya ya haɗa launi da launi zai aika bolt 12 inda bai kamata ba. Da matsayin ƙafa ake aiki, ba da launi ba.

Wannan soket ɗin ya zo da hitsink mai ƙafafun roba huɗu da ake dannawa su shige bod. In ɗaya ta karye ko ba ta shiga sosai ba, ƙarfen sai ya ɗaga ta gefe guda. Fanka na juyi lafiya, BIOS ya ƙirga bugu ya gamsu, ba rubutu, firosesa kuwa tana digiri 90 tana neman ɗauki. Har yau muna cin karo da wannan, tun da Intel ya daɗe yana amfani da irin ƙafafun.

Sai kuma abin ya juyo ta ɗaya gefen: rubutun ya fara fitowa alhali lafiya ƙalau. A Turai da Amurka da gabashin Asiya akwai masu harhaɗa kwamfutarsu da kansu, 'yan wasanni da masu son injin da ba ya ƙara. Kamfanoni irin su Zalman na Koriya ta Kudu da Noctua na Austriya, wanda aka kafa a 2005, suka shiga yi musu manyan hitsink da fankoki masu faɗin santimita 12 ko 14. Babbar fanka ba ta buƙatar gudu. A juyi 400 a minti tana tura iskar da ta wadatar. Bod da yawa na ASUS kuwa an ajiye musu iyaka a juyi 600, duk abin da ya gaza haka laifi ne. A 2009 Corsair ya fito da H50, na'urar sanyaya firosesa da ruwa wadda kamfanin Asetek na Denmak ya ƙera, irinta kuma suka yawaita. Mai ita ya jona famfon ruwan a wani soket, fankokin a wani, ya bar CPU_FAN ba komai, BIOS ya saurara bai ji bugu ba. A wannan yanayin ne aka haifi shawarar da ta cika intanet: shiga BIOS, je shafin duba zafi, mayar da gudun fanka "Ignore". Ga mutumin da ke da sabuwar fanka a ɗaki mai sanyi, wanda ya san abin da ya jona da inda ya jona shi, shawarar ba ta da aibu, ko da yake ko a wurinsa ya fi kyau ya sauke iyakar zuwa juyi 200, ko ya kai wayar bugun famfon soket ɗin da ake saurara, don ranar da famfon ya tsaya a faɗa masa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Shawarar ta tsallako ta iso mana, ta tarar da wasu injuna daban a wata ƙasa daban. Abin da ya fi yawa a hannun mutanenmu tokumbo ne: Dell OptiPlex, HP, ThinkPad da ThinkCentre da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka sauka a Legas, suka bi ta Computer Village ta Ikeja, suka iso titin Beirut a Kano da kasuwannin Kaduna da sauran garuruwa. Fankarsu ta riga ta yi shekaru tana juyi kafin ta ga ƙasarmu. Kowane kuma da irin bakinsa. HP na tebur yana rubuta "511-CPU Fan not detected". Laftof ɗin HP tana nuna lamba 90B, ta ce za ta kashe kanta in ba a danna Enter ba. Dell yana cewa "Alert! CPU fan failure", wani lokaci ya ce "Previous fan failure", wato yana tuna maka laifin da ya faru a kunnawar baya. Lenovo na tebur lambarsa 0135, ThinkPad kuwa kalma biyu take rubutawa, "Fan error", ta ɗauke. Yawancin waɗannan ba su da inda za a ce musu su yi shiru, kuma ina ganin masu ƙera su sun yi daidai, don injin ofis ne, wanda ke zaune a gabansa ba shi ya harhaɗa shi ba. A irin waɗannan injuna, a yanayinmu, rubutun kusan kullum gaskiya yake faɗa.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ko'ina, ya haɗu da ɗan man da ya rage a bushin ya zama taɓo. Akwai alamar da nake so kowane mai kwamfuta ya sani: a kunna da sanyin safiya rubutun ya fito, a kashe a sake kunnawa ya ɓace. Mutane sukan ce ya gyaru da kansa. Bai gyaru ba. Man ne ya yi kauri, fanka ta makara wajen tashi, BIOS ya gama ƙirga kafin ta kama gudu. A karo na biyu ta ɗan ɗumama ta tashi da wuri. Fankar da ta fara haka a Janairu, a Afrilu za ta tsaya, daidai lokacin da zafin gari ke haura digiri 40 kuma injin ya fi buƙatarta. A laftof kuma ƙura da zaren katifa da na kafet suna taruwa tsakanin fanka da haƙoran hitsink su zama wani dunƙule mai kauri, har ya kai ga riƙe farfelar.

Shi ya sa aikin ba a BIOS yake farawa ba, da buɗe murfi yake farawa. A cire wuta, a taɓa farfelar da yatsa: mai lafiya tana juyawa sakayau ta ɗan yi tsalle-tsallen maganaɗisu kafin ta tsaya, mai ciwo kuwa za ka ji nauyi ko gyangyaɗi. A duba ko wata waya ta faɗo tsakanin fukafukan, a duba soket ɗin da aka jona, don sau da yawa wani ya taɓa buɗe injin ya mayar da ita a na fankar akwati. A kunna a kalle ta. In tana juyi amma BIOS na nuna sifili, ciwon na wayar bugu ne ko na soket, sai a gwada wata fankar da aka tabbatar da lafiyarta don a raba gardama tsakanin fanka da bod. Wajen hurawa da bulowa a riƙe farfelar, kada a bari iska ta yi ta wulwula ta fiye da ƙima, yana kashe bushin. Ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar da ke bayan fanka yana iya ƙara mata wasu watanni, kuma a faɗa wa mai kaya cewa watanni ne. Man gyaɗa ba ya yi, daskarewa yake. In an ɗaga hitsink dole a goge tsohon fes ɗin da ke tsakaninsa da firosesa a sa sabo, ba makilin ba, wanda na sha gani a injunan da aka kawo mini. Sannan ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3: in ya mutu duk saitin BIOS yana gogewa, iyakar da aka sauke ta koma yadda take, rubutun ya dawo, agogo ma ya koma baya. Wanda ya ga ƙorafin fanka tare da kwanan watan da ba daidai ba, ya fara da batirin.

Matsin da mai gyara ke ciki na gaske ne, ban raina shi ba. Mutum zai shigo da injinsa ya ce, "Injiniya, don Allah cire min rubutun nan kawai, gobe zan miƙa aiki." Ka ce, "Alhaji, rubutun ba shi ne ciwon ba, fanka ce ta gaji, sai an sauya." Ya ce, "To ai tana kawo wuta in na danna F1." Ga shi fankar Dell ƙafa biyar gare ta, tsarin wayoyinta ba irin na kowa ba, ba lallai a same ta a ranar ba. A nan wasu ke bin gajeriyar hanya. In BIOS ya yarda, a sa "Ignore". In bai yarda ba, a jawo wayar bugu daga fankar akwati a haɗa ta a soket ɗin firosesa, ya zama kamar ɗalibin da ke amsa sunan abokinsa a aji alhali abokin yana gida kwance. Rubutu ya ɓace, Alhaji ya biya ya yi godiya ya tafi. Wannan ha'inci ne, ko da mai yin sa bai yi niyyar cuta ba, domin an karɓi kuɗin gyara an cire wa injin abu ɗaya tilo da zai iya faɗakar da mai shi. In dole ce ta sa a yi dabarar wucin gadi, to a ɗaura wata fankar da ke hura hitsink da gaske, ita ce za ta aika bugunta, kuma a gaya wa mutum abin da aka yi.

Wani abokin sana'a zai ce ai zamanin ƙonewa ya wuce, firosesar yau ba ta hayaƙi. Gaskiya ne. Ta Intel in ta kai wajen digiri 100, ta AMD wajen 95, sai ta rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta. Amma firosesa ba ita kaɗai ce a akwatin ba. Iskar fankar nan ita ke sanyaya kafasitoci da aisin wuta da ke kewaye da soket, a laftof kuma zafin yana bin jiki ya kai ga batiri da had-dis, ya gajiyar da dalma. Su ba su da dabarar kare kansu. Sannan rage gudun ma asara ce da ba a ganin ta. Tun da JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, cibiyoyin jarrabawa sun cika da injuna jere sama da ɗari biyu a zaure ɗaya, da yawansu na hannu. Injin da aka toshe wa baki zai tashi lafiya da safe, zaure ya ɗauki zafi, ya fara jan ƙafa ko ya ɗauke a gaban yarinyar da ta shekara tana karatu, agogon jarrabawa kuma yana tafiya. A gida ma haka ne, mutum ya ga injinsa ya yi nauyi, ya ɗauka tsufa ne, ya je ya ci bashi ya sayi wani.

Yanzu hanyar ta rabu biyu. A gefe guda ana ƙera injunan da ba su da fanka sam, irin MacBook Air mai firosesar M1 ta 2020, wadda jikinta na alminiyam ke shanye zafin. A ɗaya gefen, Core i9-13900K ta 2022 tana iya jan wat 253, fiye da ninki biyu na Prescott ɗin da ta firgita masana'anta. Tun wajen 2011 da UEFI ya maye gurbin tsohon BIOS a yawancin bod, mutum yana iya zana wa fanka yadda za ta bi zafi da linzami, wasu fankokin ma an tsara su tsaya cik in ba aiki, abin da ya sa ganin fanka a tsaye ya daina zama hujjar mutuwarta. Amma tushen ƙorafin bai sauya ba tun zamanin LM78, bugu ake ƙirgawa. Famfon ruwa yana iya juyi yana aika bugunsa daidai alhali ruwan ya ragu ko hanyarsa ta toshe, kuma ba abin da zai fito a allo.

Abin da ke shigowa kasuwarmu a 'yan shekarun nan shi ne ƙananan injunan tebur masu girman littafi da siraran laftof, kuma kowane samfuri da siffar fankarsa, da wurin sukurorinta, da irin bakin wayarta. Ta wannan ba ta shiga wancan ko da kamfani ɗaya ya yi su. Da, fanka mai santimita 8 ɗaya takan rufa wa injuna goma asiri. Yanzu sai an karanta lambar da ke jikin takardarta, Delta ce ko Sunon ko AVC, a nema a Legas, in babu a yi oda daga Sin a jira makonni. Shi ya sa shagunan gyara suka koma sayen matattun injuna ba don komai ba sai don fankarsu, kuma in laftof ta zo da fasasshen allo da bod da ya sha ruwa, fankar muke fara cirewa mu rubuta samfurin a jikinta mu ajiye.